Dawakin Tofa da Dawakin Kudu: Yadda Kano Ta Ware Haziƙan Ɗalibanta Domin Kimiyya

A shekarar 1977 gwamnatin Jihar Kano ta yanke wata shawara da ta jawo mata surutu a lokacin, daga baya kuma irin tsarin ya bazu a jihohin Arewa. Ta ware makarantun kwana guda biyu, ɗaya a Dawakin Tofa, ɗaya a Dawakin Kudu, ta ɗauke su daga hannun Ma'aikatar Ilimi ta damƙa wa wata hukuma ta musamman, sannan ta ce ba mai shiga cikinsu sai yaron da ya ci jarrabawar tantancewa. Wanda ya ci, za a ɗauke shi daga makarantarsa a kai shi can ya yi shekara uku yana karatun kimiyya da lissafi, gwamnati na ɗauke da cinsa da kwanansa da littattafansa. Abin da ake nema shi ne likitoci da injiniyoyi 'yan asalin jihar, kuma da gaggawa.

Yau kusan shekara hamsin ke nan, amma tambayar da shawarar ta tayar tana nan da ranta. Gwamnatin da kuɗinta ba su kai ta ba kowane yaro ilimi mai inganci ba, ya dace ta zaɓi 'yan kaɗan ta fifita su? In kuwa za ta zaɓa, da wane mudu za ta auna, kuma ɗan wa zai faɗo ciki? Tarihin makarantun nan biyu ya amsa wani ɓangare na tambayar, ya bar wani ɓangare a buɗe.

Wa ake zaɓa, wa ke zaɓen?

Gane yaro mai baiwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A tsangaya, malam yakan lura da kolon da harda ke zauna masa da wuri, ya ƙara masa yawan abin da ake biya masa a allo, in ya ga ya fi ƙarfin abin da ke wurinsa ya sallame shi ya tafi gabas wurin wani alaramma. Matakan sanannu ne: kolo, titibiri, gardi, malam, alaramma, har zuwa gwani. Sunan gwani kuwa ba a gadonsa. Sai wanda ya haddace Alƙur'ani, ya rubuta shi da ka, masana suka duba suka shaida.

Ilimin boko da wani mudun ya zo. Makarantar da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909, an kasa ta ne bisa matsayi: sashen 'ya'yan sarakuna, sashen malamai, da sashen koyon sana'ar hannu. Turawan mulki ma'aikatan En'e suke nema, masu iya rubutu da lissafin haraji. A wannan shekarar ce aka buɗe King's College a Legas, garin da ya riga ya mallaki makarantar sakandare ta mishan tun 1859.

Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, ita ce makarantar zaɓaɓɓu ta farko a Arewa. Ɗalibai ƙalilan ake kawo mata daga larduna, kuma a zaɓen nasu asali da hazaƙa a cakuɗe suke. An sha ba da labarin masu sarautar da suka ƙi ba da 'ya'yansu saboda tsoron boko, suka tura 'ya'yan barorinsu, waɗanda daga baya suka zama manyan ƙasa. Daga kwalejin Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka fito. An mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda ta zama Kwalejin Barewa ta yau. Ta yaye malaman makaranta da masu mulki da 'yan siyasa, domin abin da aka kafa ta ta yi ke nan. Kimiyya ba ita ce a gabanta ba.

Labarin likitan Arewa na farko ya isa misali. Dokta Barau Dikko daga Wusasa ya taso, a hannun 'yan mishan, kuma sai da ya je King's College a Legas, daga nan ya wuce Jami'ar Birmingham a Ingila, kafin ya zama likita. Kudu kuwa ta samu Dokta Nathaniel King tun a shekarun 1870. Tazarar da ke tsakanin mutanen nan biyu ta kai shekara sittin, kuma ita Arewa ta shiga zamanin 'yancin kai da ita.

Giɓin da Kano ta gada

Rikicin 1966 ya tona asirin wannan giɓi. Da ma'aikata 'yan Gabas suka koma gida, jirgin ƙasa da gidan waya da hukumar lantarki da asibitoci suka rasa ƙwararrun da ke riƙe da su. A ranar 27 ga Mayu, 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12, Kano ta zama jiha mai cin gashin kanta a ƙarƙashin Audu Bako, da mutane fiye da miliyan biyar da rabi bisa ƙidayar 1963. Audu Bako ya shiga manyan ayyuka: madatsar ruwa ta Tiga, noman rani a Kadawa, hanyoyi da asibitoci. Galibin masu zana ayyukan nan da masu kula da su baƙi ne, daga wasu jihohi ko daga ƙasashen waje.

Bayan 1973 kuɗin man fetur ya shigo kamar ruwan sama. Nan ne mahukunta suka fahimci abin da kuɗi ba ya saya nan take. Ana iya gina asibiti a shekara biyu, amma samar da likitan da zai zauna a ciki doguwar sarƙa ce. Kafin yaro ya shiga tsangayar koyon likitanci sai ya ci fiziks da kemistiri da bayoloji da lissafi da Turanci a jarrabawar WAEC. Kafin ya ci su sai ya samu malamin da ya san darasin da ɗakin gwaje-gwaje mai kayan aiki. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan a Zariya tun 1962, har ta buɗe makarantar share fage domin ɗaliban Arewa, amma yaran Kano da suka cika sharuɗɗan shiga fannonin kimiyya ba su taka kara sun karya ba.

Matsalar ba a ƙwaƙwalwar yaran take ba. Malaman kimiyya ne 'yan kaɗan, an kuma warwatsa su a makarantu: wannan tana da malamin kemistiri ba ta da na fiziks, waccan tana da ɗakin gwaje-gwaje ba ta da mai buɗe shi. Ga shirin UPE na ilimin firamare kyauta da aka ƙaddamar a 1976, wanda kowa ya san cikin 'yan shekaru zai turo ɗimbin yara zuwa sakandare, ya ƙara tsinka ɗan abin da ake da shi.

Shawarar 1977

Bayan juyin mulkin Yulin 1975 da ya kawo Janar Murtala Muhammad, Kanar Sani Bello ya zama gwamnan Kano. A zamaninsa ne wani kwamitin gwamnati da aka ɗora wa duba ƙarancin ƙwararrun ma'aikata ya kai ga shawarar kafa makarantun kimiyya na musamman. Sunan da aka fi dangantawa da aikin shi ne na Dokta Ibrahim Ayagi, masanin tattalin arziki, wanda ya riƙe kwamishinan raya tattalin arziki, daga baya ya koma kwamishinan ilimi. Wannan ya bayyana yadda aka kalli al'amarin tun farko: lissafin ma'aikata aka yi, na likitoci nawa da injiniyoyi nawa jihar ke bukata, aka gangaro da baya har zuwa ajin da ya kamata a fara shirya su.

Tsarin ya tsaya ne a kan duwatsun murhu uku. Na farko zaɓe. A ƙarshen aji biyu na sakandare ake yi wa yara jarrabawa, waɗanda suka yi fice su wuce makarantar kimiyya su yi aji uku zuwa biyar. An dace da lokacin: yaron ya yi shekara biyu a sakandare, an ga kamun ludayinsa, kuma da sauran shekara uku da za a gyara inda tushensa ya yi rauni. Da aka koma tsarin 6-3-3-4, sai zaɓen ya koma ƙarshen ƙaramar sakandare.

Na biyu tattarawa. Maimakon a raba malaman kimiyya goma ga makarantu goma kowace ta samu guda, sai a tara su wuri ɗaya, a haɗa su da kayan gwaje-gwaje da yaran da suka fi saurin ɗauka. Da yawa daga malaman farko daga ƙasashen waje aka ɗauko su, kamar yadda aka saba a makarantun Arewa a wancan zamani. Kasancewar makarantun na kwana, kuma a wajen birni, ya sa ranar ɗalibi gaba ɗaya ta zama ta karatu, daga darasin safe zuwa bitar dare.

Na uku 'yancin gudanarwa, wanda shi ne aka fi mantawa in ana ba da labarin. Hukumar da aka kafa tana ɗaukar malamanta da kanta, tana sayen kayanta, ba sai takarda ta yi wata da watanni tana yawo daga tebur zuwa tebur a ma'aikata ba. Waɗanda suka tsara abin sun san cewa in aka bar makarantun a layi ɗaya da sauran, to rabonsu ɗaya zai zama da na sauran.

Akwai wani abu da ya taimaki adalcin zaɓen ba tare da an shirya shi ba. A shekarun 1970 makarantun kuɗi ba su da yawa a Kano. Ɗan attajirin Fagge da ɗan manomin Gumel ko Rano ko Kazaure galibi irin makarantar gwamnati ɗaya suka yi, irin malamai ɗaya suka koyar da su. Don haka jarrabawar ta fi kusa da auna abin da ke kan yaro fiye da abin da ke aljihun ubansa. A 1980 rukunin farko suka kammala.

Masu adawa da hujjojinsu

Shawarar ba ta wuce salin-alin ba. An yi adawa da ita a cikin Ma'aikatar Ilimi kanta da kuma tsakanin shugabannin makarantu, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne.

Hujja ta farko ita ce ta adalci: dukiyar jama'a ce, me zai sa a kashe wa yaro ɗaya ninkin abin da ake kashe wa ɗan'uwansa, alhali wanda aka fifita ɗin shi ne ya fi iya tsayawa da ƙafarsa? Ta biyu ita ce ta shugabannin makarantu, waɗanda suka ga ana yaɗe musu man da ke kan nono a bar su da tsala. Ajin da aka kwashe haziƙansa yakan rasa masu jan sauran, malami ya rasa mai yi masa tambayar da za ta sa ya koma littafi, sannan in sakamakon WAEC ya fito a ɗora wa shugaban makaranta laifi. Ta uku ta iko ce: ma'aikata ba ta so a yi sarki biyu a gari ɗaya.

Amsar magoya baya a taƙaice take. Raba ɗan abin da ake da shi daidai wa daida ya bar kowa hannu rabbana, kuma talakan ƙauye da ba shi da likita shi ya fi kowa cutuwa da wannan daidaito. Likitan da aka yaye daga Dawaki, in ya dawo asibitin Haɗejiya ko Birnin Kudu, amfaninsa ya wuce gidansu.

Gwajin gaske ya zo a 1979, lokacin da jam'iyyar PRP, mai aƙidar 'yantar da talaka da ƙyamar fifiko, ta karɓi mulkin Kano a ƙarƙashin Muhammadu Abubakar Rimi. In da akwai gwamnatin da za ta rushe makarantun zaɓaɓɓu bisa aƙida, to ita ce. Ba ta rushe su ba. A zamaninta aka buɗe wa 'yan mata tasu makarantar kimiyya a Taura, aka kuma faɗaɗa hukumar a 1982 ta zama Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha. Daga baya aka ƙara wata ta maza a Kafin Hausa. Da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991, ta tafi da makarantun da suka faɗo a ƙasarta, ta ci gaba da tsarin. Farfesa Abdalla Uba Adamu a kan shekaru goman farko na makarantun nan ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Sussex, wanda ya kammala a 1988. Tsofaffin ɗaliban kuwa, da ke haɗuwa a ƙungiyar KASSOSA, yau suna cike da asibitocin koyarwa da jami'o'i da ma'aikatun ayyuka, wasu kuma suna ƙasashen waje.

Kano ba ita kaɗai ta yi irin wannan tunani a duniya ba. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na Sputnik a 1957, Amurka ta yi doka a 1958 ta zuba kuɗi a koyar da kimiyya da lissafi. Sobiyet ɗin ta buɗe makarantar kwana ta haziƙan lissafi a Mosko a 1963 a ƙarƙashin masanin lissafi Andrey Kolmogorov. Wadda ta fi kama da Kano ita ce Malesiya, wadda a farkon shekarun 1970 ta fara kafa makarantun kwana na kimiyya domin 'ya'yan Malayawa, musamman na karkara, da aka bari a baya a fannonin fasaha. A duk wuraren nan, tsoron a bar al'umma a baya shi ya sa gwamnati ta tuna da haziƙan yaranta.

Suleja: gwajin Gwamnatin Tarayya

Manufar Ilimi ta Ƙasa da aka fitar a 1977 ta ambaci yara masu baiwa a babin ilimi na musamman, tare da masu bukata ta musamman, amma maganar ta daɗe a takarda. Sai a zamanin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Jibril Aminu, likitan zuciya daga Song ta Adamawa, ya riƙe ma'aikatar ilimi daga 1985 zuwa 1989, aka tsara shirin ilimin yara masu baiwa. Shi ne kuma ministan da ya tsaya wa ilimin 'ya'yan makiyaya, wato ya kama igiyar ta bakinta biyu: yaron da makaranta ta yi wa kaɗan, da yaron da makaranta ba ta kai gare shi ba.

Daga wannan shiri aka samu makarantar haziƙai ta Gwamnatin Tarayya da ke Suleja, wadda ta fara aiki a 1990. Ana shiga ta hanyar jarrabawa ta musamman, wadda hukumar NECO ke shiryawa a yanzu, kuma ana la'akari da rabon jihohi wajen ɗauka.

Bambancinta da tsarin Kano a fili yake. Kano ta san abin da take nema, kuma abu ne mai ƙirguwa: yara nawa suka ci darussan kimiyya, nawa suka shiga likitanci da injiniyanci. Suleja kuwa an ɗora mata kalma mai faɗi, wato baiwa, wadda ta haɗa da lissafi da zane da harshe da ƙirƙira, alhali ɗalibanta WAEC da NECO suke rubutawa a ƙarshe kamar kowa. Sannan makaranta ɗaya ce tak a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Jihar Jigawa ta bi sawu a zamanin Gwamna Sule Lamiɗo da makarantar haziƙai ta Bamaina, a ƙaramar hukumar Birnin Kudu.

Abin da ya ci tsarin

Makarantar zaɓaɓɓu tsada gare ta, kuma an haifi na Kano ne a lokacin yalwa. Farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnatin Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, sannan shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira. Malamin da ya zo daga ƙasar waje domin ya riƙa aika wa iyalinsa kuɗi ya ga albashinsa ya zama ba komai, ya tattara ya tafi. Sinadarai da na'urorin gwaje-gwaje, waɗanda daga waje ake sayo su, suka yi tsadar da kasafin makaranta ba ya ɗauka. A jihohi da yawa sunan kimiyya ya yaɗu a allunan ƙofar makarantu fiye da yadda kayan kimiyya suka yaɗu a cikinsu.

Abu na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Da makarantun firamare na gwamnati suka raunana, masu hali suka kwashe 'ya'yansu zuwa na kuɗi, suka ƙara musu da malamin gida. Jarrabawar tantancewa da Turanci ake yin ta. Yaron da ya yi shekara tara ana yi masa magana da Turanci a aji mai mutum talatin, da yaron da ya yi shekara tara a aji mai mutum fiye da ɗari ba kujera, in suka zauna takarda ɗaya, sakamakon ba zai nuna wanda ya fi kaifin basira ba. Zai nuna wanda aka fi shiryawa. Ta haka makarantar da aka gina da dukiyar kowa za ta iya komawa tallafi ga iyalan da suka fi kowa ƙarancin bukatarsa, ko da ba a sa alfarma a ciki ba.

Na uku tsaro. Nisantar da makarantun daga hayaniyar birni, wanda a 1977 dabara ce, ya zama hatsari. Makarantar da aka sace 'yan mata 110 a Dapchi a Fabrairun 2018 ta kimiyya da fasaha ce. Wadda aka kwashe yara fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020 ta kimiyya ce. Haka ta Kagara a Jihar Neja a Fabrairun 2021. A watan ne gwamnatin Kano ta rufe wasu makarantun kwana da ke wajen birni na wani lokaci. Duk uban da ya fasa tura 'yarsa makarantar kwana saboda tsoro, an yi asarar da ba ta shiga kowane lissafi. A watan Yunin 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, abin da ke nuna inda tushen kansa ya kai.

Makarantar ce ta yi su, ko da ma can haziƙai ne?

Duk wanda ya ga jerin likitoci da farfesoshin da suka fito daga Dawaki zai ce makarantar ta yi aiki. Amma mai shakka yana da tambaya: yaran da aka tace daga dubbai, ba za su yi nasara ko ina aka bar su ba?

Masana tattalin arziki sun samo hanyar gwada wannan. Sukan kwatanta yaron da ya tsallake makin shiga da ƙyar da wanda ya gaza da ƙyar, tunda hazaƙarsu kusan ɗaya ce, sai a ga me makarantar ta ƙara. Adrienne Lucas da Isaac Mbiti sun yi haka a kan manyan makarantun gwamnati na Kenya, suka wallafa a 2014, kuma ba su ga wani bambancin a-zo-a-gani a sakamakon jarrabawar ƙarshe ba. Wani binciken da aka wallafa a shekarar a kan makarantun zaɓaɓɓu na Boston da New York ya kai ga irin wannan sakamako.

Wannan bai rushe abin da Kano ta yi ba, sai dai ya fayyace shi. Amfanin makarantar haziƙai ya danganta ne da makarantar da yaron zai zauna in ba a ɗauke shi ba. Wanda ya rasa gurbi a Boston wata makaranta mai malamin fiziks zai koma. Yaron Kano na 1977 kuwa sau da yawa inda babu malamin gaba ɗaya zai koma, kuma komai kaifin ƙwaƙwalwarsa ba zai ci darasin da ba a koya masa ba. Ma'ana, wanda ya fi cin moriyar irin wannan makaranta shi ne yaron da ba shi da wata mafita, wato ɗan ƙauye da ɗan talaka da 'ya mace. Shi ne kuma yaron da jarrabawar yau ta fi saurin zubarwa.

Wasu ƙasashe sun nemi maganin wannan. Indiya, a ƙarƙashin manufar iliminta ta 1986, ta kafa makarantun kwana na Navodaya da nufin kowace gunduma ta samu guda, ta kuma ware aƙalla kashi 75 cikin ɗari na gurabe ga yaran karkara, da kashi ɗaya cikin uku ga 'yan mata. A wata babbar gundumar ilimi ta Jihar Florida a Amurka, David Card da Laura Giuliano sun nuna cewa da aka daina jiran malami ko iyaye su gabatar da yaro, aka yi wa kowane ɗalibi gwajin, adadin 'ya'yan talakawa da baƙaƙen fata da aka gano suna da baiwa ya ƙaru sosai. Yaran suna nan tun da, ba a dai duba ba ne.

Ba kuma dole sai an ɗauke yaro daga makarantarsa kafin a ciyar da shi gaba ba. Kulob ɗin JETS na matasa masu sha'awar kimiyya da ƙere-ƙere, da gasannin lissafi da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja ke shiryawa, da darussan hutu a jami'o'i, duk hanyoyi ne masu sauƙin kuɗi da ke barin haziƙi a cikin ajinsa yana jan 'yan'uwansa. Rauninsu shi ne galibi a kan malami ɗaya mai kishi suke tsayawa, in aka yi masa canjin wurin aiki su mutu.

Waɗanda suka kafa makarantun Dawaki sun yi aiki da yanayin da suka tarar: firamare mai ɗan ƙarfi, sakandare ta gwamnati da kowa ke shiga, da baitulmali mai kuɗi. A cikin wannan yanayi, jarrabawa ɗaya a ƙarshen aji biyu ta isa ta zaƙulo ɗan manomi ta kai shi tsangayar likitanci. Yau yanayin ya juya. Miliyoyin yaran Arewa ba sa zuwa makarantar boko, kuma a cikinsu akwai almajirin da ke haddace shafi guda kafin hantsi, da yarinyar da ke lissafin cinikin tallanta da ka ba ta kuskure ko sisi. Ba ɗaya daga cikinsu da zai faɗi jarrabawar shiga Dawakin Tofa ko Suleja, domin ba wanda zai rubuta sunansa a cikin masu zama. Duk gwamnatin da ke son maimaita abin da aka yi a 1977, gyaran ɗakin gwaje-gwaje da ɗaukar malamai shi ne ɓangaren aikin mai sauƙi. Mai wuyar shi ne ta kai gwajin har inda yaran suke, da harshen da suke ji, ta ware wa ƙauye da 'ya'ya mata gurabensu, ta kuma tsare makarantar yadda uba zai iya barin ɗansa ya kwana a cikinta.